Farautar Bismarck da Fensir da Agogo

Wanda ya zauna kallon fim ɗin Sink the Bismarck! don ya ga wuta da hayaƙi zai same su, amma sai ya yi haƙuri. Fim ne baƙi da fari da Turawan Birtaniya suka fitar a 1960. Lewis Gilbert ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin C. S. Forester aka ɗauko shi. Kaso mai tsoka na fim ɗin ba a kan teku yake ba. A wani ɗaki yake ƙarƙashin ƙasa, a hedikwatar sojan ruwa da ke Landan, ɗaki marar taga inda sai an dubi agogo ake sanin dare ne ko rana. A tsakiyarsa akwai faffaɗan tebur da taswirar teku a kai. Kenneth More, wanda ya fito a matsayin Kyaftin Shepard, bai harba ko harsashi ɗaya ba tun daga farko har ƙarshe. Aikinsa karanta saƙo, duba taswira, da yanke shawara. Samari da yawa in suna kallo a waya, nan suke jan fim ɗin gaba don su isa wurin bindigogi. Sun tsallake farautar ke nan, sun tafi kallon fiɗa.

Abin da ake farautar ba ƙaramin nama ba ne. Bismarck jirgin yaƙin Jamus ne mai tsawon mita 251, nauyinsa ya haura tan 50,000 in an cika shi da kaya, yana ɗauke da manyan bindigogi takwas masu faɗin baki santimita 38, mutanen cikinsa sun fi 2,200, kuma duk da wannan jiki yana iya gudun kilomita 55 a awa. A daren 18 ga Mayu 1941, wayewar 19, ya bar tashar Gotenhafen tare da wani jirgi da bai kai shi girma ba mai suna Prinz Eugen, ƙarƙashin jagorancin Admiral Günther Lütjens. Fashin ayari aka tura shi: ya shiga Tekun Atilantika ya yi ta nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci da mai da kayan masana'anta. Wannan fashi ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A wancan lokaci, gyaɗa da audugar da ake lodawa a tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa su sauka Legas, ta wannan teku suke bi, kuma a Firitawun jiragen Afirka ta Yamma ke taruwa su yi ayari. A watan Fabrairun wannan shekarar wani jirgin Jamus mai suna Admiral Hipper ya auka wa irin wannan ayari da ya taso daga Firitawun ba 'yan rakiya, ya nutsar da jirage bakwai a safiya ɗaya.

Kayan aikin mai neman jirgi a taswira ba su da yawa, ɗan sakandare ma ya san rabinsu. Akwai taswirar kanta. Akwai kamfas irin na akwatin lissafi, sai dai wannan ƙafafunsa biyu duka tsini ne, ba wurin sa fensir. Akwai rula biyu da aka haɗa da 'yan hannuwan ƙarfe, suna buɗewa suna rufewa ba tare da ɗaya ta karkace wa ɗaya ba. Sai fensir mai laushi, da magogi, da agogo. Ba a kawo biro kusa da wannan tebur, domin duk abin da aka rubuta a kai ana sa ran za a goge shi nan da awa guda.

Taswirar na da nata sirrin. A jikinta an buga wasu da'irori da aka raba gida 360: arewa sifili, gabas 90, kudu 180, yamma 270. In aka ce jirgi ya dosa 220, mai aiki zai ɗora rular a kan da'irar ta ratsa tsakiya ta fita ta 220, ya danne ɓari ɗaya da yatsu, ya tura ɗayan gaba, ya danne wanda ya tura, ya jawo na baya. Haka zai yi ta takawa da ita har ta iso inda jirgin yake, kusurwar ba ta goce ba, sa'an nan ya ja layi. Nisa kuma a gefen taswira ake auna shi, hagu ko dama, inda kowane ƙaramin gida yake daidai da mil ɗaya na teku, wato mita 1,852. Amma da yake duniya dunƙulalliya ce takarda kuma shimfiɗaɗɗiya, gidajen nan suna ƙara tsawo in ana yin arewa. Sabon hannu yakan buɗe kamfas ya auna duk inda hannunsa ya sauka. Gwani sai ya kai shi daidai saitin inda jirgin yake, domin a ruwan Aisilan wannan ɗan bambanci yana iya cin mil da yawa.

Saƙo in ya shigo, abu huɗu ake nema a cikinsa: yaushe, a ina, ina ya dosa, da wane gudu. Na farkon ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ya fi saurin yaudarar mutum. Lokacin da aka ga jirgin ake so, ba lokacin da takardar ta iso tebur ba, domin kafin a mayar da saƙo harshen sirri, a buga shi, a karɓa, a warware, jirgin ya ci ƙasa. Mai aiki zai yi ɗan alamar giciye a inda aka gan shi, ya rubuta lokacin a gefe da ƙananan lambobi, ya ja layin tafiyarsa, ya buɗe kamfas gwargwadon tafiyar awa ɗaya, ya taka shi a kan layin sau adadin awannin da suka wuce. Inda tsinin ya tsaya, nan ake kyautata zaton jirgin yake. Zato ne kuwa, domin shi kansa wanda ya aiko da labarin bai tabbatar da inda yake ba. A wancan zamani ba tauraron ɗan'adam. Da rana da taurari ake gane wuri, in kuma gajimare ya rufe sama kwana biyu, sai dai a yi ta lissafin gudu da lokaci, igiyar ruwa da iska suna ta ture jirgi gefe ba wanda ya gani. Kuskuren mai kallo ya hau kan kuskuren wanda ake aika wa, mai fensir kuma dole ya riƙe duka biyun a ransa.

Muddin ana ganin jirgin, layi ake ja. In ya ɓace, sai a koma da'ira. A kafa ƙafar kamfas a inda aka yi masa ganin ƙarshe, a buɗe ɗaya ƙafar zuwa iyakar nisan da zai iya kaiwa, a zagaya. Yana cikin wannan da'ira, babu shakka. Matsalar ita ce yadda take kumbura. Jirgi mai gudun kilomita 50 a awa, bayan awa biyu da'irarsa ta kai faɗin murabba'in kilomita kusan 31,000, ta fi jihar Katsina baki ɗaya. Bayan awa goma ta kai 785,000, saura kaɗan ta kamo Nijeriya. In lokaci ya ninka biyu, filin nema ya ninka huɗu. Shi ya sa a wannan ɗaki ba a ce wa aiki ya jira a sha shayi.

Ba wanda yake da jiragen da za su share irin wannan fili, don haka gwanintar tana wajen yanke da'irar. A nan mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara zai gane aikin kafin Bature ya gama bayani. In aka kora shanu da dare aka yi dajin Rugu da su, ko wajen Kamuku, ko aka ƙetara Zamfara, mai bin sawu na gaske ba dajin duka yake nema ba. Zai tsuguna ya duba bakin sawun, ko yana nan da kaifinsa ko iska ta fara zubar da shi. Zai fasa kashin shanun da tsinke ya ga yadda cikinsa ya bushe, ya ƙiyasta awannin da suka wuce. Ya san garke mai 'yan maruƙa ba ya sauri. Sai ya yi tambayar da ke yanke daji gida goma ta zubar da tara: a wannan rani, ina ruwa yake? Shanu dole su sha, mashaya kuma ƙidayayyu ne. Na zaune a majalisa yana iya wurga hannu yamma ya ce ai sun shige daji, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa ba ta taɓa dawo da ko akuya ba. Jirgin yaƙi ma yana da ƙishirwarsa: mai, da tashar gyara, da inuwar jiragen saman ƙasarsa.

Da wannan tunani aka fara tun Bismarck bai fito fili ba. A ranar 20 ga Mayu wani jirgin ruwan Suwidin mai suna Gotland ya hange shi, labari ya bi ta ofishin jakadanci ya isa Landan. Washegari wani matuƙin jirgin sama, Michael Suckling, ya ɗauko hotonsa daga can sama yana fake a wani lungun ruwa kusa da Bergen a ƙasar Norwe. A nan Lütjens ya yi sakacin da ya biyo shi har ƙarshe: Prinz Eugen ya cika tankinsa, Bismarck bai cika ba. Ranar 22 aka leƙa aka tarar sun tashi. Daga Norwe zuwa Atilantika ƙofofi ƙalilan ne: tsakanin Girinlan da Aisilan, tsakanin Aisilan da tsibiran Faro, sai ƙananan hanyoyin da ke kusa da Sikotilan. Admiral John Tovey na Birtaniya ya sa masu gadi a ƙofofin, ya ajiye manyan jiragensa a inda za su iya kaiwa kowace. Da yammacin 23 ga wata, jirgin Suffolk ya hango Bismarck a ƙofar farko, inda ƙanƙarar teku ta matse hanya, ya faɗa cikin hazo, ya bar shi ya wuce, ya bi bayansa.

Abin da ya biyo baya shi kowa ya sani. Da asubahin 24 ga Mayu, Hood, jirgin da Ingila ta fi alfahari da shi, da Prince of Wales suka tare hanya. Cikin 'yan mintoci Hood ya tarwatse ya nutse. Daga mutum 1,418, uku suka tsira. Esmond Knight, wanda ya fito a matsayin kyaftin ɗin Prince of Wales a fim ɗin, yana cikin wannan jirgi a ranar ta gaske, kuma a nan ya sami raunin da ya ci masa idanu. Amma ga mai taswira, babban labarin ranar wani ne daban. Prince of Wales ya sami Bismarck sau uku, harsashi ɗaya ya huda goshinsa, ruwa ya shiga, wani kaso na mansa ya zama ba ya janyuwa. Masu binsa suka ga yana barin doguwar shatar mai a bayansa, gudunsa kuma ya ragu. Teku ba ta riƙe sawu, amma a wannan rana ta riƙe.

Bin jirgi a baya shi ma sana'a ce. Suffolk na da na'urar rada, wadda ke harba igiyar rediyo ta jira amsa-kuwwarta, ta faɗi nisan abin da ta daka, amma iyakar ganinta kusan mil 13 ne. In ka matsa kusa, bindigogin Bismarck su cinye ka. In ka ja baya, ya fita daga allo. Ga kuma tsoron jiragen ƙarƙashin ruwa, wanda ya sa Suffolk yake tafiyar kwana-kwana, ya yi hagu ya yi dama. Duk lokacin da ya yi nesa, Bismarck yakan ɓace na 'yan mintoci, in ya dawo ya same shi. Aka saba da haka, sabo kuwa shi ke kashe mai gadi. Wajen ƙarfe uku na daren 25 ga wata, Suffolk ya yi kwanarsa ta waje, Lütjens ya karya dama, ya yi babban zagaye ta bayan masu binsa, ya miƙe kudu maso gabas. Suffolk ya dawo ya tarar da allo fayau.

Da Lütjens ya yi shiru, da wataƙila ya sha. Amma bai san ya kuɓuce ba, sai da safe ya aika dogayen saƙonni gida. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa buƙatar dogon bayani kan cewa maganar da ke bin iska makami ce, tunda a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da nasu, a kan wannan dalili. A 1941 ba sai an fahimci abin da saƙo ke cewa ba. Tashoshin saurare suna juya eriyarsu har su gane ta wace kusurwa sautin ke zuwa. Tasha ɗaya layi ɗaya take bayarwa, jirgin yana wani wuri a kansa. Tasha ta biyu ta ba da nata layin, inda suka gitta nan ne wurin. Sai dai in tashoshin suna kusa da juna, kamar yadda na Birtaniya suke, layukan sukan tafi kusan a jere, mahaɗarsu ta zama doguwar tsaga, ɗan kuskuren digiri ɗaya ya kai ka mil da dama.

Ga kuma tarkon da ke cikin takarda. Igiyar rediyo tana bin gajeriyar hanya a kan dunƙulen duniya, wannan hanya kuma a taswirar tuƙi ta yau da kullum lanƙwasa take fitowa. Akwai wata taswira ta daban da aka zana musamman don ta fito a miƙe. Landan ta aika wa Tovey kusurwoyin zalla, aka zana su a jirginsa King George V, sakamakon ya fito arewa da gaskiya, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne ba a yi aikin a kan taswirar da ta dace ba. Tovey ya ɗauka Bismarck gida zai koma ta arewa, ya juya rundunarsa, ya yi kusan awa bakwai yana nisantar abin da yake nema. Bindigogi lafiya lau, injuna lafiya lau, layin fensir ne kawai ya goce.

A fim ɗin, Shepard ne ke tsayawa gaban taswira ya yi caca da aikinsa cewa Faransa jirgin ya nufa. Shepard ƙagaggen mutum ne, kuma a nan fim ɗin ya rage wa gaskiya kaya, ko da yake ba laifin masu shirya shi ba ne. Sai a 1974 aka fara bayyana aikin masu warware saƙonnin sirri na Bletchley Park. Su ne suka lura cewa tashar da ke kula da saƙonnin Bismarck ta tashi daga Wilhelmshaven ta koma Faris, daga baya kuma suka karanta wani saƙon sojan saman Jamus da ya nuna gaɓar Faransa ya dosa. Hankali ma ya nuna haka. Jirgi mai huda a goshi da ƙarancin mai yana neman inda za a ɗaga shi a gyara, kuma a duk gaɓar Atilantika ta Faransa, Saint-Nazaire ce ke da wurin gyaran da zai ɗauki girmansa. Wani wurin da fim ɗin ya yi son kai shi ne yadda ya mai da Lütjens mai tsananin kishin Hitila, abin da masana tarihi ba su yarda da shi ba.

Da'ira ta zama tsaga, amma tsagar ma tana da faɗi. Shugaban jiragen sintirin gaɓa, Frederick Bowhill, wanda a jiragen ruwan 'yan kasuwa ya fara aiki tun yana yaro, ya nace a ƙara wani sintiri kudu da inda aka tsara, domin a ganinsa matuƙi mai hankali ba zai miƙe kai tsaye zuwa tashar Brest da ke Faransa ta hanyar da ke kusa da Ingila ba. Da ƙarfe 10:30 na safiyar 26 ga Mayu, jirgin sama samfurin Catalina da ya tashi daga Lough Erne a Ailan ta Arewa, ƙarƙashin jagorancin Dennis Briggs, tare da wani hafsan Amurka Leonard Smith, ya ga Bismarck ta wata kafar gajimare a wannan sintiri na kudu. Awa 31 ke nan da ɓacewarsa, saura mil kusan 690 ya kai Brest.

Yanzu kamfas ya ba da amsa mai ɗaci. Tovey yana baya, ba zai kamo shi ba, mansa kuma ya yi ƙasa har ya sanar cewa in ba a rage wa Bismarck gudu kafin tsakar dare ba, dole ya juya gida. Abin da ya rage a gaba shi ne rundunar da aka taso da ita daga Jibralta tun kwanaki kafin haka, da jirgin dakon jiragen sama Ark Royal. Jiragen da ke kansa, Swordfish, masu fukafukai biyu ne da aka lulluɓe da yadi, matuƙansu a fili suke zaune cikin iska da ruwan sama, kowanne ɗauke da tofido ɗaya, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Fitar farko suka auka wa jirginsu Sheffield bisa kuskure. Allah ya sa ba su same shi ba, kuma kuskuren ya nuna musu cewa kunamar bam ɗin mai aiki da maganaɗisu tana tashi tun kafin lokaci. Aka canza ta da mai tashi in ta daki ƙarfe, jirage 15 suka sake fita, suka auka wa Bismarck wajen ƙarfe tara na dare.

Rahoton farko da ya iso ya ce ba a yi nasara ba. Sai Sheffield ya aiko da saƙo cewa Bismarck ya dosa 340, wato arewa maso yamma, baya ga Faransa, gaba ga maƙiyansa. Tovey bai gaskata ba da farko, ya ɗauka an rikita goshin jirgi da gindinsa a cikin duhu. Saƙo na biyu ya zo da irin wannan magana, na uku ma haka. Giciye bayan giciye a kan takarda, layin yana karkacewa, gudun ya faɗi. Tun kafin matuƙan su gama ba da bayani, taswira ta nuna raunin: tofido ɗaya ya daki gindin jirgin ya maƙale faifan ƙarfen da ke juya shi a digiri 12 zuwa hagu. Da safiyar 27 ga Mayu, ƙarfe 8:47, jirgin Birtaniya Rodney ya buɗe wuta, King George V ya biyo. Wajen 10:15 Tovey ya juya gida saboda mai, Bismarck yana ci da wuta amma bai nutse ba. Wani jirgin, Dorsetshire, ya ƙarasa da tofido, mutanen ciki kuma sun riga sun buɗe wa ruwa hanya. Ya kife wajen 10:40. Mutum ɗari da 'yan kai aka tsamo, fiye da 2,000 suka tafi da shi.

Jiragen da suka halarci wurin kowanne ya rubuta inda abin ya faru, alƙalumansu kuma ba su zo ɗaya ba, domin kwana da kwanaki ba su ga rana sosai ba. Da Robert Ballard, wanda ya gano Titanic a 1985, ya zo neman gawar Bismarck, da waɗannan alƙaluma masu saɓani ya fara. A 1988 ya fita ya dawo hannu rabbana. A 1989 ya koma, yana jan kyamara a kan doguwar igiya kusa da ƙasan teku, layi bayan layi. Bai nemi jirgin kansa ba, ya nemi tarkacen da suka zube daga jikinsa yana nutsewa, domin masu nauyi kusa suke faɗuwa, marasa nauyi kuma ruwa ya ja su nesa, su yi doguwar shata mai nuna hanya. Ranar 8 ga Yuni ya same shi zaune a kan cikinsa a gangaren wani dutse, a zurfin mita kusan 4,790.